Yadda nake riƙe kilorin a bahon ruwan zafi kada ya riƙa hawa da sauka

Bahon ruwan zafi na gida, wanda wasu ke kira jakuzi, ruwansa kaɗan ne, ga zafi, ga mutane a ciki har wuya. Waɗannan ukun ne suke hana maganin kashe ƙwayoyin cuta zama wuri ɗaya. Yau ka auna ka ga 5, gobe ka tarar babu ko ɗigo, ka zuba da yawa don huce haushi, jibi kuma ya yi ƙarfin da ba ya shiguwa. Abin da ya raba ni da wannan kai-komo shi ne na daina bin launin takardar gwaji ina zuba magani da ka, na koma lissafin abin da ruwan yake ci. Kilorin ba ya ɓacewa haka kawai. Akwai rabon da zafi da iska suke ɗauka kullum ko ba a shiga ba, akwai kuma rabon da jikin mutane yake ɗauka. Idan aka san girman kowanne, sauran aikin awo ne.

Bahon da nake kula da shi yana cin lita 1,500, kuma duk adadin da zan kawo na wannan girman ne. Mai ƙarami ko babba sai ya daidaita da nasa. Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne ppm, wato miligiram ɗaya a cikin lita ɗaya, ko giram ɗaya a lita 1,000. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da shawarar kada kilorin mai aiki ya gaza 3 ppm a irin wannan baho, buromin, wani maganin da ake sawa a madadin kilorin, ya tsaya tsakanin 4 da 8, pH kuma, wato ma'aunin tsamin ruwa, tsakanin 7.0 da 7.8. Zafin ruwa kada ya wuce digiri 40 a ma'aunin Salshiyos. Ni ina neman kilorin 3 zuwa 5 a lokacin shiga, pH kuma 7.4 zuwa 7.6. Dalilin tsanantawar ba ƙarami ba ne. Ƙwayar Legionella tana yaɗuwa a ruwa mai ɗumi tsakanin digiri 25 da 45, kuma ta tururin da ake shaƙa take shiga huhu. Pseudomonas kuwa ita ke kawo ƙurajen nan masu ƙaiƙayi a inda kayan wanka suka matse jiki. 'Yan sa'o'i da ruwa mai zafi zai yi babu magani sun ishe su fara taruwa.

Kafin komai, abin awo. Takardar gwaji da ake tsomawa tana da amfani don dubawar yau da kullum, amma tsakanin 3 da 5 ido ne kawai yake kintace, kuma da damshi ya shiga kwalbar shi ke nan ta fara ƙarya. Don lissafi ina amfani da kayan gwaji na ɗiga, irin wanda ake kira FAS-DPD. Ana ɗibar ruwa mililita 10, a zuba garin gwaji ruwan ya koma ruwan hoda, sai a riƙa ɗiga maganin ɗaya bayan ɗaya ana kaɗawa har launin ya ɓace tas. Kowane ɗigo 0.5 ppm ne, ɗigo takwas ke nan 4 ppm. Ruwan gwajin ina ɗebo shi ne bayan injin ya zagaya da ruwa na 'yan mintuna, daga zurfin gwiwar hannu, nesa da bakunan feshi. Na sama-sama da na kusa da inda aka zuba magani ba sa faɗin gaskiya.

Aikin yana farawa ne tun kafin a zuba sabon ruwa. A cikin bututun da ba a gani, ƙwayoyin cuta suna gina wani yauƙi mai mannewa da bango, kuma wannan yauƙin yana kāre su daga kilorin yana kuma cinye shi dare da rana. Zubar da tsohon ruwa kaɗai ba ya fitar da shi. Saboda haka kafin in zubar, nakan cire filta, in zuba maganin wanke bututu daidai yadda aka rubuta a jikin robarsa, in kunna dukkan bakunan feshi. Abin da ke tasowa ba shi da kyan gani: kumfa mai launin ƙasa-ƙasa, da wani maiƙo mai kama bango a daidai layin ruwa. Ana goge shi nan take tun yana jiƙe, don idan ya bushe sai an sha wahala. Sannan a zubar, a ɗauraye, a mayar da filta wankakkiya. Sabon baho ma daga kamfani yana bukatar wannan wankin, domin ana gwada shi da ruwa kafin a fito da shi, kuma ragowar ruwan yana kwana a bututu tsawon lokacin ajiya.

Idan ya cika, kilorin kaɗan nake fara sawa don kada ruwan ya zauna tsirara yayin da hita ke ɗumama shi, sai in koma kan alkaliniti. Shi ne ke riƙe pH kada ya yi ta tsalle, kuma a nan gizo ke saƙar. Littattafan baho da yawa suna cewa 80 zuwa 120 ppm. Amma bakunan feshi suna kaɗa iska cikin ruwa, iskar tana fitar da kabon dayoksaid, fitarsa kuma tana ɗaga pH. Gwargwadon yawan alkaliniti, gwargwadon saurin hawan. Shi ya sa mai ruwan da alkalinitinsa ya kai 120 zai yi ta zuba asid kullum pH yana komawa 8. Ni da nake amfani da bilic, wato ruwan kilorin na wanki, 50 zuwa 70 nake barinsa, kuma a nan pH yake samun natsuwa.

Saukar da shi yana son haƙuri. Garin asid da ake sayarwa don rage pH, kimanin giram 38 ne yake rage alkaliniti da 10 ppm a lita 1,500. Ba na zuba shi gaba ɗaya. Ina sa rabi, injin yana aiki, in jira minti 20 zuwa 30, in auna. Idan pH ya sauka wajen 7.0 zuwa 7.2, sai in buɗe iska in bar feshi ya yi ta aiki. Iskar tana mayar da pH sama ba tare da ta mayar da alkaliniti ba. A sake sa asid, a sake buɗe iska, har a kai inda ake so. Idan kuma alkaliniti ne ya yi ƙasa, bekin soda giram 25 yana ɗaga shi da 10 ppm. Sinadarin kalsiyam ina duba shi sau ɗaya a sabon ruwa, 150 ko sama da haka kaɗan ya wadatar.

Me ya haɗa pH da zaman kilorin? A pH 7.5 kusan rabin kilorin ne yake cikin siffarsa mai ƙarfin kisa. A pH 8 abin da ya rage wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne. Abin awo zai nuna 4 a duka biyun, amma aikin ba ɗaya ba ne.

Yanzu maganin kansa. Garin kilorin da aka fi sayarwa don baho shi ne daikilo, mai ƙarfin kashi 56 cikin ɗari. Giram 2.7 yana ɗaga 1 ppm a bahona, don haka giram 13 zuwa 14 ne suke kai sabon ruwa 5. Sikeli ƙarami na giram ya fi cokali, domin cokali yau a tsoma shi tul, gobe a share kansa. Daikilo yana narkewa da sauri, ba ya dagula pH sosai a lokacin zubawa, amma yana da wani kaya da yake tafe da shi: duk 10 ppm na kilorin da ya bayar, yana barin 9 ppm na asid ɗin sayanurik, wanda ake rubutawa CYA. Kilorin yana ƙarewa, CYA yana nan yana taruwa. Kaɗan daga cikinsa yana sassauta kaifin kilorin a kan fata da murfi da kayan wanka. Idan ya yi yawa sai ya ɗaure kilorin, ya rage masa saurin kisa ƙwarai. Mai zuba 6 ppm na daikilo kullum zai haura 150 ppm na CYA cikin wata guda. Wannan ne sirrin bahon da yake lafiya lau a makonnin farko, daga baya ya fara dushewa alhali takardar gwaji tana cewa akwai magani.

CDC ma shawararta ita ce kada a yi amfani da CYA a bahon ruwan zafi sam. Ni na tsaya a tsakiya: ina amfani da daikilo ne har jimillar abin da na zuba ta kai giram 90, wanda yake ba da CYA wajen 30 ppm, daga nan in rufe robar in koma bilic. Ina rubuta kowane awo a takarda a jikin murfin akwatin magani, saboda gwajin CYA a ƙasa da 30 ba ya fita sosai, lissafi ya fi shi gaskiya. Bilic ɗin dole ya zama tsantsa, marar ƙamshi, marar kauri, ba wanda aka haɗa da sabulu ba. Mai ƙarfin kashi 6 cikin ɗari, mililita 25 ne 1 ppm. Ƙarfinsa yana raguwa idan ya daɗe ko ya sha zafi, shi ya sa ƙaramar jarka sabuwa ta fi babba da za ta shekara. A duba littafin baho tukuna, don wasu kamfanoni ba su yarda da bilic ba a sharaɗin garantinsu. Ƙwayoyin kilorin na tiraikilo da ake sawa a wurin ninƙaya kuwa ba na kusantar da su: asid ɗinsu ya yi yawa, suna cin hita suna ɓata jikin baho.

Sai gwajin da ya fi kowanne amfani a wurina, wato auna abin da ruwa yake ci shi kaɗai. Da yamma ina ɗaga kilorin zuwa wajen 10, in bar injin ya gauraya na minti 20, in auna in rubuta ainihin adadin. In rufe, kowa kada ya shiga. Bayan awa 24 in sake aunawa. Ruwa mai tsabta yakan rasa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, 10 ta koma 7 da rabi. Bahon da ke da na'urar ozon, wata iska mai ƙona datti, yana iya rasa rabi, don ozon yana cin kilorin idan bai sami datti ba, kuma wannan ba matsala ba ce muddin an san da ita. Amma idan babu ozon, 10 ta koma 3 ko ƙasa, to akwai abin da ke ci a ɓoye: ko filta ta cika da maiƙo, ko yauƙi a bututu, ko dattin wankan baya da bai gama ƙonewa ba. Ina yin gwajin nan a makon farko na sabon ruwa don in sami adadin da zan riƙa kwatantawa da shi, sannan in maimaita duk lokacin da na ga ruwan ya fara cin magani fiye da yadda ya saba.

Rabon mutane shi ne babba, kuma shi aka fi rainawa. Ƙiyasin da nake aiki da shi: mutum ɗaya na awa ɗaya a ruwa mai digiri 40 yana cin kimanin giram 9 na kilorin tsantsa. A lita 1,500 wannan 6 ppm ne, wato daikilo giram 16 ko bilic mililita 150. Mutum biyu na rabin awa daidai suke da haka. Mutum huɗu na rabin awa ninki biyu ne. Duba lissafin da kyau: an shiga da 4 ppm, an bar datti mai cin 6. Gumi, man shafawa, mataccen fata, sabulun da ya maƙale a wando, duk suna nan a ruwan bayan an fita, kuma za su ci gaba da cin kilorin cikin dare. Bashi ne, idan ba a biya a daren ba, da safe sifili za a tarar, abin da aka zuba da safen ma bashin jiya zai tafi biya. Wanda ke zuba magani kafin shiga kawai, kullum a baya yake.

Don haka da an fito nake zubawa. Ina kunna injin, in rufe maɓallan iska, in zuba awon a tsakiyar ruwa, in bar murfi a buɗe minti 15 zuwa 20 don iskar da ke tashi ta fita. Idan aka rufe nan take, ita ce ke cin cikin murfi da matasan kai har su koɗe su fara ɓarewa. Washegari kafin shiga in auna. Idan na tarar 3 zuwa 5, awon ya yi. Idan 1 ne, gidan nan sun fi ƙiyasin datti, sai in ƙara mililita 25 zuwa 50 a kan awon dare. Idan 8 ne, in rage. Cikin 'yan kwanaki awon gidan yake fitowa, kuma ba ya canzawa sai yawan masu shiga ya canza. Ranar da ba a shiga ba, 1 zuwa 2 ppm ya isa ya cike gurbin abin da zafi ya ɗauka. Watsa ruwa a jiki kafin shiga, da ɗauraye kayan wanka da ruwa zalla ba tare da omo ba, suna rage awon nan sosai, sun fi duk wani magani da za a saya.

Wani lokaci gwaji yana nuna sifili alhali an zuba da yawa. Kafin in ƙara, nakan tuna cewa kilorin idan ya haura 10 sosai yana iya kashe launin gwajin kansa. Alamar ita ce ruwan hodar ya bayyana na ɗan daƙiƙa ya ɓace. Sai in haɗa kashi ɗaya na ruwan baho da kashi huɗu na ruwan da babu kilorin, in auna, in ninka sau biyar. Haka kuma ba na gwada pH idan kilorin ya wuce 10, don launin yana karkata ya nuna sama fiye da gaskiya, mutum ya zuba asid ba dalili. Idan sifilin na gaske ne kuma ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba, babu mai shiga. Ina wanke filta, in kai kilorin 10 zuwa 15, in kunna kowane bakin feshi don maganin ya ratsa duk bututu, in riƙe shi a nan har gwajin awa 24 ya dawo daidai. Idan ruwan ya yi santsi ko wari, ba na jayayya da shi, wanke bututu da sabon ruwa ne.

Warin kilorin mai hawa ido ba alamar yawan magani ba ce. Kilorin ne da ya riga ya haɗe da gumi, ya gaji, ba ya kisa sosai. Ana gane yawansa ta cire mai aiki daga jimilla: jimilla 5, mai aiki 4, gajiyayye 1 ke nan. Jim kaɗan bayan wanka dole a gan shi. Idan ya wuce 0.5 washegari kafin shiga, awon dare ne ya gaza, sai a ɗaga zuwa 10 a bar murfi a buɗe. Mai amfani da garin ƙona datti marar kilorin, MPS, ya sani cewa shi ma yana fitowa a wannan gwajin kamar gajiyayyen kilorin, kada ya yi ta yaƙi da abin da babu. MPS yana taimakawa wajen ƙona datti, amma shi kaɗai ba ya maye gurbin maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Ga wanda ba zai iya leƙa baho kullum ba, buromin ya fi sauƙi, kuma ina ganin shi ne ya dace da mafi yawan gidaje. Kuskuren da ake yi shi ne jefa ƙwayoyin buromin a robar da ke yawo a kan ruwa a jira. Ƙwayoyin suna narkewa a hankali, sabon ruwa zai yi kwanaki ba shi da kariya. Ana fara zuba sodiyam buromaid, wajen giram 50 a lita 1,500 ko yadda kwalinsa ya ce, sannan a sa daikilo ko MPS ya tayar da shi ya zama buromin. Robar aikinta kawai cike gurbin yau da kullum. A buɗe ta kaɗan, a jira kwana ɗaya ko biyu kafin a sake taɓa ta, don mai murɗa ta safe da yamma ba zai taɓa gane inda ta dace ba. Awon bayan wanka yana nan daram, ba a yafe shi ba. Ƙwayoyin suna da asid, suna jan pH da alkaliniti ƙasa, don haka a nan alkaliniti 80 ya fi dacewa. Idan abin gwajin na kilorin ne, a ninka abin da ya nuna da 2.25 don a sami adadin buromin. A cire robar lokacin wanka, kada kuma a bar ta ta maƙale a kusurwa ɗaya ta ƙona wurin. Ruwan da buromaid ya shiga ya zama na buromin, duk kilorin da aka zuba buromin zai koma, sai an zubar za a iya sauya hanya.

Idan zan yi 'yar tafiya, lissafin kashi ɗaya cikin huɗu ne yake gaya mini iyakata. Daga 10, gobe 7.5, jibi 5.6, gata 4.2, citta 3.2. Kwana huɗu ke nan. Rage zafin hita yana ƙara kwanakin, fiye da mako kuwa sai an sami mai zuba awo.

Filta ina ɗauraye ta da tiyo duk mako, in jiƙa ta a maganin wanke filta duk wata, kuma biyu nake da su don ɗaya ta bushe yayin da ɗaya ke aiki. Magunguna kowanne da cokalinsa, busasshe. Kilorin da asid ba sa haɗuwa a kofi ɗaya ko a zuba su a jere, iskar da suke fitarwa guba ce, ina barin aƙalla rabin awa tsakaninsu injin yana aiki. Kullum magani ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan magani, kuma ba a sa ƙwayar kilorin a robar da ta taɓa ɗaukar buromin.

Lokacin canza ruwa ina raba litar baho da 12, in sake rabawa da yawan masu shiga a rana. Lita 1,500 da mutum biyu kullum yana ba da kwana 62 ko kusa. Ko ba a shiga sosai, ba na wuce wata uku zuwa huɗu. Idan kuma kumfa ta daina kwantawa da wuri bayan an kashe feshi, ko gwajin awa 24 ya haura rabi duk da wankakkiyar filta, ba na jiran kwanakin su cika, maganin wanke bututu nake ɗaukowa a ranar.